Makunnin da Ya Sha Man Shanu

Shekaranjiya wani mutum ya kawo tsohon akwatin gem nan layin masu gyaran waya, irin mai fuskar katako da makunnai jere a ka, wai a ɗakin ajiyar mahaifinsa ya tsinto shi. Ina zaune kan bencina na ji ɗayanku, ku samarin layin nan, ya ɗaga shi da hannu ɗaya yana cewa, "Wanga ai makunni na kawai, a cire a sa sabo." Shayin da ke bakina sai da ya kusa sarƙe ni. A cire a sa sabo. To ku matso, ku da kuke ganin in an canja gilashin waya an gama duniya, in ba ku labarin makunni a zamanin da babu sabon da za a sa.

Ni da gyaran rediyo na fara, a rumfar Maigida Cika da ke bakin tashar Illela. Kayan aikinmu ba su cika jaka ba: sukudireba manya da ƙanana, filaya, magagari, mita guda ɗaya da allurarta ke rawa sai an ɗan mare ta, da ƙarfen dalma wanda a kan gawayi muke gasa shi, don wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Maigida mutum ne mai ƙarancin magana da yawan harara. Na daɗe a wurinsa bai bar ni na taɓa dalma ba. Aikina shi ne in kwance makunnan tocila da na rediyo, in wanke, in mayar, in kawo masa. Ba ya ko dubawa. Sai ya kara a kunne ya tura da yatsa. In ya ji ƙas, ya ajiye. In ya ji wani abu mai kama da taunar ɗanko, ya jefo mini a cinya. Yakan ce makunni mai lafiya magana yake yi, kuma baki ɗaya gare shi. A lokacin haushinsa nake ji ƙwarai, don ni so nake a gan ni da hayaƙin dalma a gabana kamar babban makaniki.

Gem na farko da na taɓa gani wani ma'aikacin boda ne ya kawo shi, a farkon shekarun tamanin, cikin kwali, da ƙaramin talabijin mai aiki da batirin mota. Ya ce abin ya ƙi kamawa. Maigida ya juya shi, ya juya, ya ce shi bai san wannan dabbar ba, ya turo mini. Na kwance sukuru, na ɗaga murfi. Cikinsa ban gane komai ba sai abu ɗaya: makunnai shida a jere, kuma duk wanda ya wanke makunnan tocila na tsawon shekara ya san danginsu. Na kara kunne na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko, mai kawo wuta, shi ne ba ya magana. Na buɗe shi, na kankare ɗan harshen ƙarfen da ke ciki, na ɗan lanƙwasa shi ya sami ƙarfi, na mayar. Aka haɗa waya.

Ba zan manta ranar nan ba. Tankokin yaƙi biyu suka bayyana a cikin gilashi, mai gem ya ba ni mariƙi ɗaya ya riƙe ɗaya, ya ce in tura. Na tura, tankin cikin talabijin ya tafi. Na ja, ya dawo. Wallahi sai da na saki mariƙin na ja da baya. Mu a saninmu talabijin shi ke faɗa, kai naka saurare, yau ga shi ina ba shi umarni yana bi. Kafin azahar tasha ta watse ta dawo rumfarmu. Direbobi suka bar lodi, mai tsire ya bar tukubarsa, wani tsoho mai sayar da goro ya kutso har gaba yana tambaya, "To su mutanen gidan talabijin na Sakkwato suna ganin abin da kuka yi musu?" Maigida da kansa, mai hararar nan, sai da ya karɓi mariƙi, aka harbe tankinsa, ya ce a sake. Tun daga ranar duk gem ɗin da ya lalace tsakanin Illela da Ƙwanni, sai a ce a kai wa Ladan na rumfar Cika, wato ni.

Kada ku ɗauka yawa gare su. 'Yan kaɗan ne, a gidajen alhazai da ma'aikata, amma lalacewarsu ba ta ƙarewa, kuma kusan kullum a makunni take. Akwai wata cuta da sai a bakin iyaka ake samunta. Mutum ya sayo gem a Ƙwanni, wanda aka yi don talabijin ɗin ƙasar Faransa, ya kawo ya haɗa da talabijin ɗinsa mai kala na Najeriya, sai hoto ya fito fari da baƙi, sauti kuma sai shuuu. Ga makunni a kan akwatin wanda aka ce na kala ne. Sai maigidan da ya sayo shi ya tura sama, ya turo ƙasa, uwargida ta gwada, maƙwabci ya zo ya gwada da ƙarfinsa na noma, har sai ya karye a hannun wani. Sannan a kawo mini ana cewa makunnin kala ne ya mutu. In gyara makunni, in kuma zauna in yi bayanin cewa talabijin ɗin da gem ɗin ne ba yarensu ɗaya ba. Wasu su yarda, wasu su tafi suna cewa ban iya ba. Sabon makunni kuwa a lokacin ba wuya, ka ba ɗan kasuwa mai zuwa Kwatano sautu, ya kawo maka ta Ƙwanni, ka biya da sefa.

Sai shekarar nan ta zo. Ku tambayi iyayenku: aka rufe iyaka, damina ta ƙi, fari ya kwashe dabbobi. Masu bin hanyar daji ba sa kasada da rayukansu don su ɗauko wa Ladan makunni, fetur da hatsi suke ɗauka. Matattun rediyoyin da Maigida ya tara a bayan rumfa muka dinga yanka muna ciro makunnansu, har suka ƙare. A wannan shekarar ce na san Jabbi.

Jabbi Bafulatani ne daga wata ruga a bayan Kalmalo, dogo, marar hayaniya, ba ka ganinsa ba tare da sandarsa ba. Fari ya kashe masa garke, 'yan ragowar da ƙashi ya fito musu ya sayar wa mahauta kafin su faɗi. 'Yan uwansa da abin ya shafa duk sun kama hanyar Kurmi, can kudu, aikin gadi. Shi kuwa duk ranar kasuwa sai ya zo ya tsaya a bakin rumfarmu, ƙafa ɗaya bisa ɗaya, yana kallon gem in an kawo gyara. Ba gilashin yake kallo ba, mutanen da suka taru yake kallo. Da aka yi wa ma'aikacin bodan nan canjin wurin aiki ya sa kayansa a kasuwa, sai Jabbi ya kwance abin da ya rage masa na kuɗin shanu ya sayi gem ɗin da talabijin da batir gaba ɗaya. Danginsa suka ce baƙin cikin shanu ya taɓa masa kai.

Ya kafa rumfar zana a gefen kara, inda ake cinikin dabbobi, kuma ku zo ku ga ikon Allah. A shekarar da ba wanda ke da abin dariya, rumfar Jabbi ce kaɗai ake jin shewa. Dillalai, 'yan kamasho, masu jiran lodin albasa, kowa ya ba da ɗan abin da ake bayarwa ya zauna. Biyu ke wasa, wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya tashi. Jabbi na zaune akwatin na kan cinyarsa, sanda jingine a kafaɗa, kuma doka ɗaya gare shi: makunnin ƙarshe, wanda ke share wasa ya tayar da sabo, ba mai taɓa shi sai shi. Ya san dalili. Duk wanda ya ga za a cinye shi, hannunsa can yake zuwa, don in an share wasa ba a san wanda ya faɗi ba. Ya san 'yan wasansa kamar yadda ya san shanunsa, ya san mai tunkuyi, ya san waɗanda ba a haɗa su wuri ɗaya. In hayaniya ta tashi sai ya yi ɗan ƙyas da harshe irin na makiyaya, ka ga ƙatti sun nutsu. Da abin da rumfar ke kawowa yake kai wa matarsa da 'ya'yansa gero.

Wata Juma'a da hantsi ya shigo da akwatin naɗe a mayafinsa. Tun kafin in kwance sukurun farko hancina ya ba ni labari. Na ɗaga murfi, sai kiyashi suka yi ta bulbulowa, har suna hawa hannuna. Makunnan shida duk sun yi danƙo, sun yi kore.

Na ce, "Jabbi, mi kas sa ma abin ga?"

Ya ce, "Ban sa komi ba, Ladan. Ɗan mai na nish shafa mishi, da nij ji makunnin ya yi tauri."

"Wane mai?"

"Na shanu mana. Mai kyau, surukata ta aiko muna. Ko ga tuwo ban bari anka sa ba."

"Duka shidan kash shafa?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. "To ina shafa ma guda in bar saura suna kallo?"

Maigida Cika ya yi dariya har tari ya kama shi. Ni kuwa raina ya ɓaci, na buɗe baki zan zazzaga masa, sai na ga fuskarsa na haɗiye. A duniyar Jabbi duk abin da ya bushe ya yi tauri man shanu ne maganinsa: igiyar fata, sanda, kaushin ƙafa, nonon saniya in ya tsage. A shekarar yunwa ya hana bakinsa ya ba akwati. Ta ina za ka fara zagin wannan?

Na wanke su da fetur da gashin kaza, a hankali, don fetur in ya yi yawa cin roba yake. To ga inda aikin yake, ku buɗe kunne. A cikin kowane makunni akwai ɗan harshen ƙarfe, bai fi bawon albasa kauri ba, an lanƙwasa shi yadda in ka tura zai taɓa, in ka saki ya koma. Man ya daɗe a ciki ya yi tsami ya cinye su. Huɗu ina ɗagawa suka marmashe. Biyu suka rage da ɗan rai, na sa ɗaya a mai kawo wuta, ɗaya a mai tayar da wasa, sauran na ɗaure su wuri ɗaya da dalma. Aka ɗan kwana biyu, na tayar da wasa ya karye, don shi ke shan wahala, kowane wasa sai an danna shi. Na haɗe na wutar kai tsaye, na ce Jabbi ya riƙa kunnawa daga kan batir, na ciro harshensa na mayar can. Shi ma bai yi nisa ba ya bi ɗan uwansa.

Daga nan na shiga gwaje-gwaje. Na yanka reza, ta yi tsalle ta karye. Na yanka gwangwanin kifi, in ka danna sai ya kwanta ya ƙi tashi. Na tocila ya yi kauri, bai shiga gidan ba. Da na rasa yadda zan yi na fito da wayoyi biyu waje, na ce in za a tayar da wasa ya haɗa bakinsu. Da babu gara ba daɗi. Ranar farko wani dillali da aka kusa cinyewa ya miƙa ƙafa ya taka wayoyin, wasa ya share, abokin karawarsa ya shaƙe shi. Na samo maɓallin hon na wani mataccen babur na ɗaura. Wannan kuma sifirin da ke mayar da maɓallin ya saki, duk babbar motar da ta wuce ƙasa ta girgiza, sai wasa ya share da kansa. Ku yi tunanin rumfa a gefen kara ranar Lahadi, inda motoci ba sa yankewa. Kowa ya ce an yi masa maguɗi, aka ba hammata iska, har aka karya wa wani haƙori. Sarkin kasuwa ya aiko a naɗe zana, kada a sake buɗewa sai abin ya gyaru gyara na gaskiya.

Ana cikin haka yayan Jabbi, Sambo, ya dawo daga Kurmi. A gabana suka yi maganar, a bakin rumfarmu, rabi da Fulatanci rabi da Hausa. Sambo ya ce ya samar masa gadi a wani gidan katako, motar albasa za ta tashi ranar Lahadi bayan kasuwa, a kai matarsa da yara gidan surukai. Ya ce, "Ka bar wasan yara ga, Jabbi. In abin ga bai tashi ba kahin motar ta tashi, ka shiga." Jabbi ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Hamma." Kun san Bafulatani in ya ce wa yayansa to, magana ta ƙare. Bayan Sambo ya tafi ya juyo gare ni ya ce, "Ladan, ɗiyana ƙanana na. Ban son su tashi su san ni ga saƙo." Abin ya tsaya mini a rai, na kasa cin abincin rana.

Maigida ne ya ba da shawara, yana ta gasa ƙarfe bai ko ɗago ba. Ya ce, "Kai kana ta neman abin da anka ƙera. Tahi ga wanda ka ƙerawa." Yana nufin Baba Tanko, maƙerin fari a Gidan Katta, mai yin zobba da 'yan kunne. Asabar da safe na ɗauki Jabbi a bayan keke, akwati a cinyarsa, sanda a giciye. Har ya riga ya ɗaure ƙunshin tafiyarsa ya bari a rumfarmu.

Baba Tanko tsoho ne ƙanƙani mai idon shaho. Na zuba masa gutsattsarin harshen a tafin hannu, na yi masa bayanin abin da nake so: siriri, ba ya tsatsa, a danna ya dawo, a danna ya dawo, har Mahadi. Ya taɓa da harshensa ya ce tagulla ce. Ya ɗauko wata munduwa ya yanki ɗan guntu ya hau bugu. Kafin ya kai sirantar da nake so ya tsage. Ya ɗauko wani, shi ma ya tsage. Ya yi tsaki ya ce, "Tagullar yanzu duk ta sha gami. Sai ta da, wadda anka yi da gaskiya, kuma rabona da ganinta tun..." Bai ƙarasa ba. Idonsa ya tsaya a kan sandar Jabbi. A wuyan sandar akwai zoben tagulla mai faɗin yatsa biyu, ya sha hannu har ya yi santsi yana ƙyalli.

"Ɗan Fulani, miƙo sandar ga in gani."

Jabbi bai miƙa ba. Ya ce, "Baba, babana yas sa anka ɗaura mata tagullar ga, ranar da yab ba ni karsanata ta fari. Shi ma ga babanai yas same ta."

"Shi ya sa nic ce ka miƙo."

Jabbi ya tashi ya fita, ya je gindin wata bishiyar bedi ya tsaya ya ba mu baya. Ni dai ban ce masa ya bayar ba, ban ce kada ya bayar ba. Shanu sun tafi, ruga ta watse, abin da ya rage masa na gidansu ke nan. Baba Tanko ya ci gaba da zuga wutarsa kamar ba abin da ya faru. Can sai ga Jabbi ya dawo, ya durƙusa, ya ajiye sandar a gaban uwar maƙera da hannu biyu. Ya ce, "In na tahi Kurmi, ƙofar wani za ta tsare. Yanke, Baba."

Abin da na gani a wurin tsohon nan har yau ina jin daɗinsa. Sau ɗaya ya sa tagullar a wuta, da farko, don ta saki. Daga nan a sanyi ya yi ta bugunta da 'yar ƙaramar masaba, yana juyawa, yana bugu, yana juyawa. Na ce ba za a ƙara mata wuta ba? Ya ce, "Wuta tana kashe mata zuciya. Bugu shi ka sa ta gardama, kuma gardama kaka so." Ta yi ta faɗi tana sirancewa, ba ta tsage ba. Ya ɗaga ta kusa da kunne ya ɗan ja bakinta da farce ya saki, ta yi zirrr. Ni da shi muka dubi juna muka yi dariya, don ashe shi ma da kunne yake aiki kamar Maigida. Na shimfiɗa gutsattsarin tsohon harshe a kai na zana, na yanka, na bi da magagari, na lanƙwasa a jikin basilla. Na farko ya yi tauri, sai ka sa ƙarfi. Baba ya ƙara wa sauran bugu. Na yanka na biyu, na zura shi a gidansa, na rufe, na kara a kunne na tura.

Ƙas.

Na sake turawa. Ƙas. Na miƙa wa Jabbi ya kara a nasa kunnen. Amma babu batir a Gidan Katta, kuma namu yana wurin caji, sai washegari za a karɓo. Ƙara a kunne daban, tayar da wasa daban.

Lahadi da rana tsaka, kasuwa ta cika ta batse, muka shimfiɗa zana. Labari ya riga ya zaga, mutane sun yi dafifi har ana hawa kan shingen kara. Ga wakilin sarkin kasuwa, ga Maigida Cika da bai taɓa barin rumfarsa ranar kasuwa ba, ga Sambo tsaye da ƙunshin Jabbi a hannu, motar albasa kuwa an gama ɗaure mata tamfol. Na maƙala waya a batir. Hoto ya fito. Jabbi ya zauna, ya ɗora akwatin a cinya, ya yi bisimilla, ya tura makunnin. Tankoki biyu suka koma kusurwoyinsu suka tsaya cak suna jiran umarni. Wurin ya kaure da ihu. Na ce a dakata, ba a gama ba. Na sa mutum biyu suka fara wasa, muka jira babbar mota. Sai ga wata ta taho da shanu, ƙasa na rawa, batir na rawa, talabijin na rawa. Wasa bai ko gezau ba. Ni da ba na rawa, ranar sai da na yi tsalle, hulata ta faɗi aka tattake ta. Maigida ya matso ya kara kunne a jikin akwatin, ya ce Jabbi ya tura. Ya saurara. Ya miƙe ya ce, "Ya yi magana," ya juya ya koma rumfarsa. Duk zamana da shi ban taɓa samun yabo kamar wannan ba.

Sambo ya ajiye ƙunshin ya ce shi dai bari ya ga abin da ya hana ƙaninsa tafiya. Aka ba shi mariƙi. Dattijo da gemunsa ya zauna a ƙasa, yana karkata jiki duk inda tankinsa ya karkata, yana yi masa magana da Fulatanci. Direban motar albasa na ta hon, shi ko a jikinsa. Da ya ga wani ɗan kamasho ya kusa gamawa da shi, sai hannunsa ya tafi wurin makunni, kamar na kowa. Jabbi ya rufe makunnin da tafinsa, cikin ladabi, kansa a ƙasa. Ya ce, "Hamma, wanga ni kaɗai ka taɓa shi." Sambo ya dube shi, ya dubi sandar da wuyanta ya zama fari inda tagulla take a da. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya tura wa Jabbi ƙunshinsa da ƙafa, ya ruga ya kama motar tana tafiya.

Daga baya aka buɗe iyaka, makunnai suka dawo kasuwa, na ce wa Jabbi ya kawo in sa masa sabo. Ya ce in kuskura. Harshen nan ya yi ta aiki har gem irin wannan ya tsufa, yara suka koma wa wasu. Ni ma na buɗe rumfata, na ci gaba da gyaran duk abin da zamani ya kawo, har ya kawo ku.

Wata damina, ina cikin aiki, sai na ji ƙyas ɗin harshen nan a bayana. Na waiga. Jabbi ne, da saniya ja da ɗan maraƙinta a gaba, sandar nan mai farin wuya a kafaɗa. Daga rumfar zana ya tara ya sayi karsana, ga shi ta haihu. Ya sauke wata 'yar ƙwarya a kan teburina, tsakanin filaya da dalma, ya buɗe faifan. Man shanu ne, sabo, na farkon da matarsa ta kaɗa daga nonon saniyar. Na yi sauri na janye rediyon da ke kusa da ƙwaryar. Jabbi ya yi murmushi ya ce, "Kwantar da hankalinka, Ladan. Wanga na tuwo na."